Atamfar Gwaggo Tabawa

An ari bakina an raba Gwaggo Tabawa da aikinta, kuma har yau babu wanda ya tako ya ce abin da aka yi bai dace ba. Ba haƙuri nake nema a ba ni ba. Na rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo aikin turara bayanmu, kuke ganin hoton ƙwaƙwalwa manne a bangon rumfa kuna tambaya ko na asibiti ne. Ba na asibiti ba ne. Ni na riƙe kujerar da aka taka aka manna shi, kuma ranar ba ta taɓa fita daga raina ba.

Sunana Saude. Ina aiki a wani kamfanin gyaran shinkafa a gefen Kura, kan hanyar da ta bi bakin kanal, wato babbar magudanar ruwan noman rani, ta nufi Bunkure. Ga wanda bai san aikin ba: manoma suna kawo shanshera, wato shinkafar da ke cikin ɓawonta. Maza su sauke buhuna, mu mata mu wanke, mu jiƙa ta ta kwana, da safe mu turara a manyan tukwanen ƙarfe da wutar ɓuntu. Daga nan a baza ta a filin shanya, a yi ta juyawa har ta bushe, sannan ta shiga inji. A saman kowa akwai Alhaji mai kamfani, wanda ba ma ganinsa sai azumi ya kusa. Ƙarƙashinsa Manaja, Malam Nasiru. Sai foman a ɓangaren maza, ni kuma shugabar mata. Ba don na fi kowa daɗewa aka ba ni ba. Na shiga makarantar yaƙi da jahilci ne bayan na aurar da 'yata ta fari, har na iya karanta abin da aka rubuta a jikin buhu, ina kuma tsintar Turanci kaɗan-kaɗan. Sannan ba na ɓoye magana. Manaja da kansa yakan ce, "In Saude ta ce an yi, to an yi." Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Gwaggo Tabawa ta girme mu duka. Tun ana turara a tsakar gida take yi, kafin a san za a kafa kamfani. Jikoki mata biyu take riƙo, na ɗanta da ya rasu. Hayaƙin ɓuntu da shekaru suka taru suka cinye mata ido, yanar ido ta rufe na hagu, na dama kuma dishi-dishi. Mu mata duk mun sani. Ofis bai sani ba.

Ba taro muka yi muka shirya ba, haka kawai aikin ya gyara kansa. Muka janye ta daga bakin wuta muka bar mata juyin shanya, wanda da ƙafa ake yi, kuma ƙafarta ta fi idon wasu sanin shinkafar da ta sha rana. Da safe Hansai, wata matashiyar mace mai 'ya'ya uku da suke unguwa ɗaya, takan biya mata su taho suna hira, hannunta a kan gefen hijabin tsohuwar, har su haye ɗan katakon da aka gitta a kan kanal. A filin shanya kuwa ni nake tsayawa ta ɓangaren tukwane ina surutu. Inda muryata take, nan ne iyakarta, ba ta wucewa. Foman ya sha kai ƙarata wai na cika hayaniya. Nakan ce da shi, "Da bakinka nake yi?"

A shekarar da aka kawo sabon inji, rani ya yi kyau, tumatir da albasa suka yi yawa a fadamun noman rani. Mata suka riƙa zamewa suna tafiya tsinkar tumatir, yau a ga goma gobe a ga rabi. Ɗan Alhaji da ya dawo daga karatu ya ce matsalar ita ce zuciyar ma'aikata ba ta tare da kamfani, kuma akwai masana da suka karanci ƙwaƙwalwar ɗan Adam, sun san yadda ake sa mutum ya so aikinsa. Sai aka ɗauko mana Malama Farida daga birni.

Zan faɗi gaskiya a kanta: yarinya ce mai ladabi. Ta durƙusa ta gaida tsofaffi, ta ci abincinmu. Hausarta ce dai rabi da rabi, tana fara magana sai Turanci ya kwace mata, shi ya sa Manaja ya ce in tsaya kusa da ita ina warware wa mata. Ta buɗe jaka ta fito da ƙwaƙwalwar roba mai rabuwa biyu. Rumfa ta ɗauki dariya.

"Malama, ta rago ce ko ta sa?" in ji Hansai.

"Ta mutum ce."

"To a duba Manaja, ko tasa aka ciro."

Har shi ya yi dariya. Malama Farida ta nuna wani ɗan wuri can ciki, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ce wannan shi ne maigadin kai. In mutum ya ji tsoro, ko aka kunyata shi a gaban jama'a, maigadin nan sai ya rufe ƙofa, ɓangaren gaba mai tunani ya daina aiki sosai. Ta ce wulaƙanci yana yi wa ƙwaƙwalwa zafi kusan yadda duka yake yi wa jiki, yabo kuma yana sa ta saki. Ma'aikacin da yake ɓoye damuwarsa, rabin ƙarfinsa a wajen ɓoyewar yake ƙarewa.

Ni wannan magana ta shige ni, don na san ta a jikina. A ajin yaƙi da jahilci mun yi wata malama mai tsawa. In ta ce "Saude, karanta," sai baƙaƙen su narke a gabana, alhali a gida na karanta su tsaf. Da aka sauya mana mai haƙuri, cikin ɗan lokaci na fara rubuta wasiƙa. Saboda haka da nake fassara, ba fassara kawai nake ba, har da nawa gishirin nake ƙarawa.

A rana ta biyu ta sa aka shimfiɗa tabarmi a zagaye. Ta ce yau babu babba babu ƙarami, Manaja ma ya sauko ya zauna a ƙasa, kuma kowa ya kira shi da sunansa. Nan aka fara cijewa. Nasiru sunan mijin Hansai ne, wata kuma sunan ɗanta na fari ne, ko a ɗaki ba sa furta shi, balle a gaban mutane. Aka sasanta a kan "Malam". Ya naɗe ƙafa a tabarma, wandonsa mai guga ya ɗage, yana ta gyara hula.

Sai ta ce kowace ta faɗi abu ɗaya da yake damunta a wurin aiki, wanda ba ta taɓa faɗa ba. Ta ce wannan zagaye wurin aminci ne, abin da aka faɗa a nan, a nan zai tsaya. Ta dubi Manaja, ya gyaɗa kai. Ni kuma na juya na faɗa da Hausar da kowa zai ji: "Kun ji dai. Amana ce. Abin da aka faɗa a tabarmar nan ba zai tashi daga kanta ba. Ni Saude na tsaya."

Shiru.

Ba wadda ta ɗaga kai. Wata tana tsinkar zaren tabarma, wata ta gyara goyo. Ana jin ƙarar inji daga can baya da kukan tattabarun da ke sauka a kan shanya. Malama Farida ta sake tambaya da murmushi. Shiru. Ta sake, murmushin ya fara bushewa. Na ga gumi ya tsattsafo mata a hanci. Ta dube ni kamar mai neman a cece ta.

Sai Gwaggo Tabawa ta yi gyaran murya.

"'Yar nan, tunda ba wanda zai tanka miki, ni bari in ba ki nawa. Ni dai ba na gani. Ke ɗin nan da kike tsaye, inuwa nake gani mai magana. Yaran nan ne suke rufa mini asiri, Allah ya rufa nasu."

Hansai ta sa hannu ta dafe kai. Ni kuwa, wallahi, a lokacin daɗi na ji. Malama Farida ta zo ta durƙusa ta riƙe hannun tsohuwar, idonta ya kawo ruwa, ta ce wannan shi ne ƙarfin hali, a tafa mata. Aka tafa. Manaja ya ce, "Allah sarki, Gwaggo. Allah ya ba da lafiya." Daga nan bakin mata ya buɗe. Wata ta ce hayaƙi, wata ta ce babu makewayi na mata sai an zaga bayan buhuna, wata ta ce foman yana kiran su da "ke" kamar 'ya'yansa. Aka tashi ana raha. Aka manna hoton nan a bango.

A hanyar gida na ce da ita, "Gwaggo, me ya kai ki?"

Ta ce, "Yarinya ta taso tun daga birni, 'yar mutane, ta tsaya a gabanmu kamar an dasa ta. Ina jin muryarta tana karyewa. A ce ta koma gida ta ce matan Kura sun bar ta tana magana ita kaɗai? Ni ba ni da abin ba ta, shi na ba ta. Kuma ai kin ce kin tsaya."

Ba a yi wata guda ba Manaja ya aiko a kira ni ofis. Ya ba ni kujera, abin da bai saba ba. Ya tambayi yara, ya yaba mini a kan tsabtar rumfa, don an koya musu a fara da yabo. Sannan ya ce an yanke shawara Gwaggo Tabawa ta huta.

"Ta ce ta gaji ne?"

"Malama Saude, ke ma kin ji da kunnenki. Mace ba ta gani, ga ruwan zafi, ga wuta, ga kanal. In ta faɗa ciki, wa za a kama?"

"Tun yaushe take yi ba ta faɗa ciki ba?"

"Da ban sani ba. Yanzu na sani."

"A tabarma ka ji shi, Manaja. Ba a ofis ba."

"Kunnen ai ɗaya ne. Ko so kike in cire shi in bar shi a rumfa?"

"Ka gyaɗa kai a gaban mata. Na ce amana ce, kana zaune."

"Ban faɗa wa kowa a waje ba. Alhaji kawai, kuma dole ne in faɗa masa."

"To a kai ta asibitin ido. Yanar ido ce, an ce ana cirewa."

Ya sunkuyar da kai yana juya biro. "Na kai wannan ma. Alhaji ya ce in aka fara da mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da nasa ciwon. Ki yarda da ni, don lafiyarta ne. Kuma ba korar wulaƙanci za a yi ba. Za a karrama ta."

Na faɗa masa maganganu a ranar waɗanda ba zan rubuta ba, don akwai yara masu karantawa. Bai ɗaga murya ba. Wannan ne ya fi ƙona ni. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya ji abin da ba zai iya mayarwa ba, kuma yana tsoron na sama da shi kamar yadda muke tsoronsa.

Aka karrama ta kuwa. Ranar Alhamis bayan azahar aka tara mu a rumfar nan, ƙarƙashin hoton. Manaja ya yi jawabi, ya kira ta uwar kamfani. Aka miƙa mata turmin atamfa, aka ce a yi mata irin tafin da Malama ta koya mana. Wasu suka tafa, don Manaja yana kallo. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta shafa atamfar, ta kai ta kusa da fuska har tana taɓa hancinta. Sannan ta juyo daidai inda ta san muryata take.

"Saude, wace kala ce?"

Na ce, "Shuɗiya ce, Gwaggo, da ratsin fari."

"To madalla. Ta yi wa yaran ɗinkin salla."

Hansai ta kama gefen hijabinta suka fita. Wannan karon ba su yi kamar hira suke ba.

Na nemi lambar Malama Farida na kira ta. Da ta ji, ta yi salati. Ta ce ba haka ta koyar ba, wannan ya saɓa wa duk abin da ta faɗa, za ta kira Manaja, za ta nemi ɗan Alhaji. Na yarda har ranta ta faɗa. Amma ina jin hayaniya a bayanta, sai ga tafin nan, irin namu sak. Tana wani kamfanin ne, an shimfiɗa wasu tabarmin. Ko ta kira ko ba ta kira ba, ban sani ba. Gwaggo Tabawa dai ba ta dawo ba. Na je gidanta ranar wata Juma'a na same ta a zaune a bakin ƙofar ɗaki tana tsince wa maƙwabta shinkafa da lalube, a ba ta abin da aka ba ta. Babbar jikar an cire ta daga Islamiyya tana tallan awara. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Tambayata ta yi wa yake juya shanyar gabas, don wajen yana riƙe laima.

A rumfa kuwa komai ya gyaru, in a ido ne. An gina makewayi. Foman ya koma cewa "ku". Kullum da safe Manaja yakan zago ya gaida kowace da sunanta, ya tambaye ta ko akwai damuwa.

"Lafiya lau, ranka ya daɗe."

"Ba matsala?"

"Ko ɗaya."

Na ji da kunnena yana faɗa wa ɗan Alhaji a waya cewa tun bayan bitar ƙorafi ya ƙare. Gaskiya ya faɗa. Mai tari ta koyi haɗiye tarinta har ya wuce. Mai juna biyu ta ƙara faɗin hijabi. Waƙar da ake yi a bakin tukwane ta mutu ba wanda ya hana. Ni kuma in na doso, sai hira ta koma kan tsadar albasa. Matan da muka yi shekaru muna cin tuwo a kwano ɗaya. Ba su zage ni ba, ba su daina gaishe ni ba. Sun dai daina ciwo a gabana. Na ci gaba da tsayawa a gefen filin shanya, wani lokaci in ji na ɗaga murya ina surutu, sai in tuna babu mai aunawa da ita.

Ana nan damina ta kawo kai. Wata rana da la'asar muna alwala a bakin famfo, na lura Hansai ta ɗauki buta ta zaga bayan buhuna. Jiya ma haka ta yi, shekaranjiya ma. Kuma kwanan nan da hagu take ɗaga murfin tukunya. Na bi ta. Na same ta ta naɗe hannun riga tana ƙoƙarin kwance wani tsumma da ya manne da fata. Warin ne ya fara isa gare ni. Tururi ya dafa ta daga wuyan hannu har kusa da gwiwar hannu, wurin ya kumbura ya yi ruwa, an shafa masa man goge baki da wani baƙin abu.

"Hansai, yaushe?"

Ta ja riga ta rufe. "Ba komai, Yaya."

"Ni za ki ce wa ba komai? Hannun nan ruɓewa yake. Me ya hana ki faɗa?"

Ta ɗago ta dube ni. Yarinyar da ta fi kowa ba'a a rumfar nan, wadda ta tambaya ko ƙwaƙwalwar rago ce. Babu dariya a fuskarta, babu fushi.

"In faɗa a ba ni atamfa?"

Na ɗauke mata butar muka koma rumfa.

Ga abin da na ɗauka daga wannan aiki, ku da kuke sababbi. Abin da Malama Farida ta faɗa game da maigadin nan na cikin kai gaskiya ne, ban taɓa ƙaryata shi ba. Tsoro yana rufe tunani, na gani a aji, na gani a rumfa. Abin da ba ta faɗa ba, wataƙila don ita ba a taɓa sallamar ta da turmin atamfa ba, shi ne maigadin ba wawa ba ne. Ba jahilci ne yake sa shi rufe ƙofa ba, ya san wanda yake tsaye a waje. Matan da suka yi shiru a tabarma ƙwaƙwalwarsu lafiya lau take aiki. An zo an lallashi maigadin ya buɗe, ba a taɓa komai ba a cikin abin da yake tsoro. Wanda zai iya raba ka da abincinka, ko ya zauna a ƙasa ya naɗe ƙafa, shi ne dai. Mu da muke da wurin aminci na gaske, wanda muka gina da gefen hijabi da surutu a bakin shanya, ba mu san sunansa da Turanci ba, sai muka bari aka saye shi da tafi. Ban ga alamar zai dawo ba. Bara ma an sake kawo wani malamin, namiji, da tasa ƙwaƙwalwar robar. Na ce makogwarona yana ciwo, aka sa wata ta fassara.

Washegarin ranar da na ga hannun Hansai, na biya gidansu da sassafe. Na tsayar da mai adaidaita sahu, na sa ƙanwar mijinta ta raka ta asibiti a Kura, na ce in an tambaya a ce a murhun gida ta ƙone. Na haye katakon kanal ni kaɗai. Ina isa na tarar da Manaja a bakin rumfa yana zagayen gaisuwarsa.

"Malama Saude, an tashi lafiya? Ban ga Hansai ba."

"An yi musu rasuwa a Garun Malam, ƙanwar kakarta. Sai an yi bakwai za ta dawo, wataƙila ta ɗan ƙara."

Bai ko dube ni sau biyu ba. In Saude ta ce an yi, to an yi.

"Allah ya jiƙan musulmi."

Na ce, "Amin."

Matan da ke kusa sun ji. Ba wadda ta ɗago. Na tuɓe hijabi na rataye a ƙusan da ke ƙarƙashin hoton, na ɗaura zani a kan riga, na ɗebo ɓuntu na hura wutar tukunyar Hansai.